Maƙogwaron Lasifika

Aikina zaɓen fata. Shekara ashirin da shida ke nan ina tsaye gaban teburi ɗaya a sito ɗaya. Ana miƙo min fatar akuya ko ta tunkiya, in ɗaga ta wajen hasken ƙofa, in juya, in shafa, in jefa. Lamba ɗaya dama, lamba biyu tsakiya, lamba uku bayan ƙofa. Ba ma'auni, ba inji. Ido ne da tafin hannu.

Maigidanmu yana da wata dabara da muke ce wa maimai. Cikin fatun da ka zaɓe da safe zai zare goma, ya ɗiga musu alli a inda shi kaɗai ya sani, ya cusa su cikin tulin yamma. So yake ya ga ko lambar da ka ba fata da safe ita za ka sake ba ta da la'asar. Na ga an sallami mutum huɗu a kan maimai. Ni ba a taɓa kirana ofis ba, kuma kowa a unguwarmu ya sani, don ni na gaya musu.

Yayana shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Aikinsa kiran fasinja a tasha. In ya buɗe baki a bakin ƙofar shiga, mai shayi da ke can ƙarshen katanga sai ya toshe kunne ɗaya. Shi ya sa ake ce masa Lasifika, har 'ya'yansa in an tambaye su gidan wa, sai su ce gidan Lasifika. Bai yi makaranta ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa. Yakan ce shi Allah a wuya ya ajiye masa alƙalaminsa. Taba kuwa ya sha ta shekara talatin kafin ya bari.

Muryar ta dishe. Da farko mun ce mura ce. Aka sha zuma, aka sha ruwan ɗumi, wata uku ba ta dawo ba. In ya kira fasinja sai ka ji kamar ana jan buhu a kan siminti. Direbobi suka fara tsokanarsa, wai batirin Lasifika ya yi sanyi.

Matarsa ce ta matsa a je asibiti. Ni da ita ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ita ta sa min Alƙali, wai ba a gama magana nake yanke hukunci.

"Alƙali, gobe ka ajiye fatun nan naka masu wari ka raka mu," in ji ta. "Yayanka in ya ga farar riga, e kawai yake cewa."

"To ke ina naki bakin? Ai ya ishi mutum uku."

"Nawa na gida ne. Naka ne na fita waje."

Likitan da muka samu matashi ne mai gilashi. Ɗakin ƙarami, kujera ɗaya mai majinginar kai, talabijin a kan wani teburi mai taya. Ya fesa wa Yaya magani a hanci, ya ɗauko wani siririn tiyo baƙi mai fitila a baki, ya ce zai zura ta hanci har maƙogwaro, mu duka za mu gani a talabijin. Na ce ko zan iya ɗauka a waya? Ya ce ba laifi, in dai ba zan sa fuskarsa ba.

Yaya ya dube ni, hawaye na zuba ta ido ɗaya saboda tiyon, ya ce, "Alƙali, ɗauka da kyau. Kar ka ba ni lamba uku."

"Baba, daina magana tukuna," in ji Mai Gilashi. "Yawwa. Yanzu ce iii. Ja shi. Sake."

A talabijin na ga wasu abubuwa biyu kamar leɓɓa, a jiƙe, suna buɗewa suna rufewa. Likita ya ce su ne igiyoyin murya, in sun haɗu iska ta kaɗa su, shi ne magana. Na dama fari tas. Na hagu ya yi ja, ya ɗan kumbura, da wani ɗan tabo fari-fari a gefe, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Daƙiƙa arba'in da bakwai bidiyon ya yi. Na san adadin don na kalle shi fiye da yadda na kalli fuskar 'ya'yana.

Mai Gilashi ya ce ƙwannafi ne yake tasowa yana ƙona wurin, ga kuma ihun tasha. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a rage magana.

"A rage magana?" in ji matar Yaya. "Likita, ai sai dai ka ba shi maganin barci."

Muka fito muna dariya.

Wata guda aka sha ƙwayoyi, ba abin da ya canja. Matar Yaya ta ji labarin wata likita a wani asibiti, muka tafi. Doguwa ce, ba ta da fara'a. Ta ce nasu tiyon ya lalace an kai gyara, sai ta karɓi wayata. Ta kalli bidiyon sau uku. A na ukun ta tsayar da shi, ta buɗe hoton da yatsu biyu.

"Wannan farin ban yarda da shi ba," in ji ta. "Gefensa ba santsi. Kuma a idona na hagun ba ya kaɗawa kamar ɗan'uwansa. Ya taɓa shan taba?"

Muka ce e.

"To ni shawarata a sa shi barci, a ɗebo ɗan nama daga wurin, a kai ɗakin gwaji."

Yaya ya kai hannu wuyansa. "Yanka?"

"Ɗan tsinke ne, Baba. Bai kai abin da farce zai ɗauko ba."

"Muryar za ta dawo yadda take?"

"Ba zan yi maka alkawari ba. Wurin siriri ne. Wani yakan warke tas, wani ɗan kaushi yakan zauna."

Muka hau mota zuwa gida. Da muka sauka Yaya ya ce, "In suka taɓa wurin nan na zama beben tasha, me zan ci? Dako zan koma da furfurata?"

Na ce ya kwantar da hankali. Ɗaya ya ce ƙwannafi, ɗaya ta ce wuƙa. A nemo na uku ya raba gardama.

Na ukun shi ne babbansu, wanda aka ce shi ya koyar da su biyun. Kansa fari fat, shi ya sa muke ce masa Furfura. Sati uku muka jira kafin layi ya zo kanmu. Mu ne na biyu da ya gani ran nan, da sanyin safiya, kofin shayinsa ma bai huce ba. Ya saurari muryar Yaya, ya tattaɓa wuyansa, ya karɓi waya ya kalla sau ɗaya.

"Wannan ja da kumburi irin na masu aikin ihu ne," in ji shi. "Farin nan ina ganin kanta ce, kamar ta tafin hannun manomi. A ci gaba da magani, a huta da kira sati shida, a dawo in zura tiyo in gani da kaina."

Yaya har ya so ya durƙusa masa.

Biyu da ɗaya ke nan. A wurina magana ta ƙare. Matar Yaya ce ta ƙi sakin zancen. Kullum in na shiga gidan sai ta ce ita fa idon doguwar nan ya tsaya mata a rai, yadda ta tsayar da hoton.

"Ke dai kina son a yanka miki miji," na ce.

"Ni nake kwana ina jin numfashinsa, ba kai ba."

"Babban likita ya yi magana."

"Sau ɗaya ya kalla, Alƙali. Yana kurɓar shayi."

Wannan maganar ce ta sa min tunanin maimai. Na ce bari in rufe mata baki gaba ɗaya. In mutumin nan idonsa ido ne, abin da ya gani da safe shi zai gani da yamma.

Bayan sati biyu na koma ni kaɗai. Na yanki kati da sunana, na sa hula da wata riga daban, na yi ta ba mutane wuri suna wucewa har na zama kusan na ƙarshe. La'asar ta yi. Da na shiga, Furfura ya cire takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur, idonsa ya yi ja. Bai gane ni ba. Na yanke farkon bidiyon inda Yaya ke magana, na bar wurin iii kawai.

"Ranka ya daɗe, ba ni ne marar lafiyar ba. Maƙwabcina ne, ba ya iya tafiya mai nisa. Aka ɗauko wannan a wani asibiti, aka ce in nuna maka."

Ya yi tsaki kaɗan, ya ce ba haka ake yi ba, amma ya karɓa. Ya kalla. Ya mayar baya. Ya cire gilashinsa ya kawo wayar kusa da hanci.

"Shekararsa nawa?"

"Hamsin da takwas."

"Taba?"

"Ya sha da, ya bari."

"Wannan gefen bai yi min ba. Ka kawo shi cikin satin nan, ko a kujera ne a ɗauko shi. Sai an ɗebi nama."

Wallahi daɗi na ji. Abin da na ji ke nan, ba zan ɓoye ba. Irin daɗin da kake ji in ka kama mai awo ya danne sikeli da yatsa.

Na zaro katin Yaya na ajiye a gabansa. Na buɗe cikakken bidiyon, muryar Yaya ta fito, kar ka ba ni lamba uku.

"Likita, wannan rubutun waye?"

Ya duba. "Nawa ne."

"Me ka rubuta?"

Ya karanta a hankali. Ya sake duban wayar. Nas ɗin da ke haɗa takardu ta tsaya cak.

"Maƙogwaro ɗaya ne," na ce. "Bidiyo ɗaya. Ran nan kanta ce, yau wuƙa. Wanne ne likitan, na safe ko na yamma?"

Na zaci zai yi faɗa, ko ya ce na canja bidiyo. Bai yi ba. Ya jingina da kujera ya murza idonsa.

"Duka biyun ni ne, Malam. Ran nan jan na kalla, yau gefen na kalla. Ka kama ni, kuma ba kai ka fara ba. Mu ma muna yi wa kanmu haka. Mukan zauna mu goma a ɗaki, a sa mana irin wannan, kowa ya rubuta abin da ya gani ba tare da ya leƙa na wani ba. In abu ya girma, bakinmu ɗaya. In ƙarami ne irin wannan, sai ka ga mun rabu. Wani lokacin a dawo mana da wanda muka gani watan jiya, mutum ya saɓa wa kansa."

"Ashe canki-canki kuke yi da wuyan mutane."

"Ido ne. Iyakarsa ke nan. Shi ya sa ake ɗiban nama, don shi gwajin ba ruwansa da na gaji ko ban gaji ba. Ka saurare ni da kyau. Tunda na faɗi magana biyu, ka ɗauki mai munin. Ka kawo yayanka."

"In kawo shi ka yanka, gobe da safe ka ce a'a, ashe kanta ce?"

"In kanta ce, mun gode Allah, ya yi asarar ɗan tsinken nama."

"Da muryarsa."

"Wataƙila kaɗan daga cikinta. Malam, zauna mana."

Ban zauna ba. Na kwashi katin da wayata. Ina bakin ƙofa ya ce wa nas ta rubuta lambata, na ce ba ni da waya, alhali tana hannuna.

A gidan Yaya na ba da labarin tun daga hula har takalmin da ke ƙarƙashin tebur. Na kwaikwayi yadda ya kawo waya kusa da hanci. Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Matarsa ba ta yi dariya ba. Tana tsaye da tsintsiya a hannu.

"Tsaya, Alƙali. Yanzu mutum nawa suka ce a ɗebi naman?"

"Ba wannan ce maganar ba."

"Doguwa ta ce. Babban ya ce. Biyu ke nan."

"Babban ya ce e, ya ce a'a. Wanda ya ba fata ɗaya lamba iri biyu, a wurinmu korarsa ake yi. Maganarsa ta zube duka."

"Mijina ba fata ba ne."

"Shi ya sa ba zan miƙa shi ga masu lalube ba."

Ta juya wajen mijinta. "Malam, kai fa? Wuyanka ne."

Yaya ya kalli tabarma. Na san tsoron wuƙar nan yake, kuma na san neman wanda zai ce masa kar ya je yake yi. Ya ce, da muryar nan tasa mai kaushi, "Yaron nan idonsa ne sana'arsa. Tunda ya ce ba su gani ba, ba su gani ba."

Shekarata hamsin da ɗaya, amma yaron nan yake ce min.

Ta jingina tsintsiyar da bango ta shige ɗaki. Daga ran nan ta daina ce min Alƙali. Sai dai ta ce sannu da zuwa, ta ajiye min ruwa.

Sati shidan da aka ce a dawo suka wuce, ba mu koma ba. Yaya ya koma tasha. Da muryar ta ƙi kai wa bakin ƙofa, shugaban tasha ya saya masa usur. Lasifika da usur a baki, yana nuna mota da hannu. Direbobin da ke tsokanarsa suka daina, kuma daina tsokanar ta fi tsokanar ciwo. Ni kuma na yi ta kawo magunguna, duk wanda aka ce yana buɗe murya. Sau biyu matarsa ta shirya za ta kai shi wurin Doguwa a ɓoye, shi ya ƙi, ya ce sai abin da na ce.

Wata bakwai suka wuce. Ya fara ƙwarewa da ruwa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Wata ranar Talata da hantsi ina sito aka kira ni, wai ya zauna a kan benci a tasha ya kasa tashi, numfashinsa na fita da ƙara kamar ƙofa mai tsatsa.

Aka zura tiyon a ɗakin nan dai mai talabijin a kan taya. Wannan karon ban ɗaga waya ba. Ba sai an nuna min ba. Na hagun ya zama wani dunƙule mai ƙuraje, ya cinye rabin hanyar iska, ba ya motsi ko kaɗan. Mai Gilashi ya kira Furfura, Furfura ya kira wasu biyu. Ba wanda ya tsayar da hoto, ba wanda ya kawo fuska kusa. Kallo ɗaya kowa ya yi.

Furfura ya gane ni. Na jira ya faɗi abin da ya cancanta ya faɗa. Sai ya ce kawai, "Yau bakinmu ɗaya, Malam."

Aka ɗebi naman da aka so ɗiba tun farko. Cutar daji ce, wato kansa. Suka ce da tana ƙwayar shinkafa, da an kankare ta ko an gasa ta da haske, ya tashi da muryarsa ko da ta yi kaushi. Yanzu sai an cire akwatin muryar gaba ɗaya, a huda masa rami a gindin wuya ya riƙa numfashi ta nan. Na tambaya ko sun tabbata da a wancan lokacin za ta warke. Furfura ya ce, "Tabbas na Allah ne. Amma da ina da ƙarfin gwiwa sosai." Ko a nan bai yi min ƙarya ba, kuma na so ya yi.

Da za a shiga da shi tiyata, Yaya ya yafito ni. Na sunkuya. Abin da ya rage na muryar kamar iska ce a cikin kara. Ya ce, "Usur ɗin yana aljihun rigata. Ka mayar wa shugaba, na tasha ne."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya da murya. A kan usur.

Bayan sati biyu na koma aiki. Maigida ya tsufa, ba kullum yake zuwa ba, amma ran nan yana zaune a kan buhun gishiri yana kallon ana sauke kaya. Ya yi min jaje. Na tsaya ina juya wata fata a hannu, na kasa jefa ta ko'ina.

"Maigida, in tambaye ka. Shekara ashirin da shida kana yi min maimai. Na taɓa faɗuwa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum.

"Kai? Uku cikin goma. In kun yi faɗa da iyalinka, huɗu."

Na ce wasa yake yi.

"Wane irin wasa? Ran nan ma ka ba wata fata lamba ɗaya da safe, da yamma ka wurga ta bayan ƙofa har kana zagin wanda ya feɗe ta."

"To me ya sa ba ka taɓa kirana ba?"

"In kira ka in ce me? Uku cikin goma ai gwani ne. Ni da nake zaɓe, huɗu nake yi."

"Waɗanda ka kora fa?"

"Waɗannan na nuna musu allin ne suka rantse na canja fata. Mutumin da ba ya yarda idonsa na kuskure, shi ne zai sa ka asara. Ai maimai ba don kama ku nake yi ba, don kama fatar ne. Duk wadda ta ci lamba iri biyu, ba na sake tambayar idon kowa. Gefe nake ajiye ta in aika majema. In an jiƙa ta gashi ya zube, ita da kanta za ta faɗi abin da ke jikinta." Ya nuna wani ɗan tuli a lungu, bayan sikeli. "Ga su can. Kullum kana wuce su."

Kullum ina wuce su. Na zaci na wani mai saye ne daban. Ban taɓa tambaya ba.

Yanzu Yaya yana gida. Yana zama a kan tabarma a inuwar bango, da ɗan farin ƙyalle a gindin wuya, ƙyallen na motsi in ya ja numfashi. Sun ce akwai wani ɗan inji da ake dannawa a wuya ya yi magana kamar rediyo, an gwada masa, ya ji abin da ya fito, ya ture. Aka kawo masa allo da alli, ya zana mota, ya goge. Mutumin da bai iya rubutu ba, in aka ɗauke masa murya, ba abin da ya rage sai hannu da ido.

Matarsa ta ba shi cokali da kofin silba. Bugu ɗaya ruwa. Bugu biyu ita. Bugu uku ni. Kullum in na tashi daga sito sai na biya, in zauna a bakin tabarma in ba shi labarin tasha da na kasuwa. Yana ji. Wata huɗu bai buga uku ba.

Ran Lahadin da ta wuce, ina sa takalmi zan tafi, na ji kwal, kwal, kwal.

Na dawo na durƙusa. Ya nuna aljihuna. Na zaro wayar, ya karɓa, ya miƙo min, ya nuna wuyansa. Na gane. Na lalubo bidiyon na danna masa.

Muryar ta fito, a dishe amma tasa ce, da dariya a cikinta. Alƙali, ɗauka da kyau. Kar ka ba ni lamba uku. Sai iii ɗin nan mai tsawo.

Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa.

Ya sa na maimaita sau uku. Bai kalli hoton ba, kunne ya kara. Sannan ya ajiye wayar a kan tabarma, ya kama wuyan hannuna ya riƙe da ƙarfi. Ya dube ni. Leɓɓansa suka motsa, kalma uku ko huɗu, iska na fita ta ƙarƙashin ƙyallen. Ya sake maimaitawa a hankali. Ya sake ni, ya juya fuska wajen bango.

Na kalli fuskar nan da duk idon da nake da shi. A lokacin na ga kamar cewa yake ya wuce, in bar shi. Ina isa bakin titi na ga kamar ba haka ba ne, kamar tambayata yake me ya sa. Yau kwana biyar, da safe in ga wannan, da yamma in ga wancan.

Jiya na kasa haƙuri. Na same ta tana shanya ƙyallayen wuyansa a kan igiya, guda shida, farare.

"Matar Yaya, ke kin saba da bakinsa. Ran nan me ya ce min?"

Ta matse ƙyalle ɗaya, ta yarfe, ta rataya. Ba ta juyo ba.

"Ai kana kusa da shi fiye da ni," in ji ta. "Kuma kai ne mai ido."